Jigon Darajar Aiki a Wasan Kwaikwayon R.U.R. na Karel Capek

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2023, wata mujallar ƙagaggun labarai ta ƙasar Amurka mai suna Clarkesworld ta dakatar da karɓar rubuce-rubuce daga marubuta na ɗan wani lokaci. Dalili kuwa shi ne ɗaruruwan labaran da suka yi ta kwararo mata, waɗanda na'ura aka ba umarni ta zubo su, masu aikowa kuma suka sa sunayensu a kai. Wannan ya faru ne ƙasa da wata uku bayan kamfanin OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022. Tun daga wannan lokaci, marubuta da mafassara da masu zane suke ta tambayar makomar sana'o'insu a gaban abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urorin da ake horarwa su kwaikwayi magana da tunanin ɗan Adam.

Mujalla irin tamu, wadda aka kafa domin renon masu ƙagen labari da waƙa da wasa, ba za ta ce wannan magana ba ta shafe ta ba. Sai dai mu ɗaliban adabi ne, saboda haka ta ƙofar adabi za mu shiga zancen. A wannan maƙala za mu yi sharhi a kan wasan kwaikwayon R.U.R., wanda shi ne ya ba duniya kalmar "robot". Abin da muke son nunawa shi ne, marubucin ya karanci halin babban kamfani karatu mai zurfi, amma bai hango irin injin da ya zo mana a yau ba, kuma a cikin wannan giɓi ne matsalar zamaninmu take.

2.0 Marubucin da Zamaninsa

Karel Capek ɗan ƙasar Cekoslobakiya ne, an haife shi a 1890, ya rasu a watan Disamba na 1938. Ɗan jarida ne, marubucin zube da wasan kwaikwayo. An buga R.U.R. a 1920, aka nuna shi a babban ɗakin wasa na ƙasa da ke birnin Prague a watan Janairu na 1921, sannan ya isa dandalin birnin New York a 1922. Haruffan nan uku taƙaicen sunan kamfanin da ke cikin wasan ne, wato kamfanin Rossum mai ƙera ma'aikata masu iya kowane irin aiki.

Ita kalmar "robot", yayansa Josef Capek, wanda mai zane ne, shi ya ba shi shawarar amfani da ita. Tushenta shi ne "robota", wadda a harshen Cek take nufin aikin da ake tilasta wa talaka ya yi a gonar mai ƙasa na wasu kwanaki ba tare da lada ba. Sai a 1848 aka soke wannan tsari a daular Ostiriya. Mai karatu Bahaushe zai fi gane ta in muka ce aikin tilas, irin wanda kakanninmu suka sani a zamanin Turawa. Ke nan tun daga sunansa, wasan yana magana ne a kan gumin da ba a biya ba.

Haka kuma zamanin da aka rubuta shi yana da muhimmanci. A 1911 Frederick Taylor ya wallafa littafinsa a kan yadda za a auna motsin ma'aikaci da agogo don a tatsi aiki mafi yawa daga jikinsa. A 1913 kamfanin Ford ya fara harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, inda kowane ma'aikaci yake maimaita motsi guda tun safe har yamma. Sai kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, wanda ya nuna cewa masana'antar da ke ƙera kayan more rayuwa ita ce dai ke ƙera kayan kisa. Capek ya ga mutum yana komawa inji tun kafin a yi maganar inji ya koma mutum.

3.0 Labarin a Taƙaice

An gina wasan a kan shimfiɗa da kashi uku, kuma duk abin da muke gani yana faruwa ne a masana'antar kamfanin da ke wani tsibiri. A shimfiɗar, wata budurwa mai suna Helena Glory ta zo a madadin wata ƙungiyar jin ƙai da niyyar 'yanta mutum-mutumin da ake ƙerawa. Babban manaja Harry Domin ya ba ta tarihin kamfanin: tsoho Rossum masanin kimiyya ne da ya gano wani sinadari mai kama da tsokar mai rai, burinsa kuma ya yi gasa da Mahalicci. Ƙaramin Rossum kuwa injiniya ne, shi ya mayar da binciken hanyar neman kuɗi. Helena ba ta 'yanta kowa ba, ƙarshenta ma Domin ya aure ta.

Bayan shekara goma duniya ta canza. Ma'aikata sun rasa aiki, sun yi bore suna farfasa mutum-mutumi, gwamnatoci kuma sun ba mutum-mutumin makamai sun mayar da su sojoji. Haihuwa ta tsaya a tsakanin mutane. Helena, cikin tsoro, ta ƙona takardun da ke ɗauke da sirrin ƙira. Mutum-mutumin suka yi tawaye ƙarƙashin jagorancin Radius, suka hallaka 'yan Adam, in ban da Alquist, shugaban sashen gine-gine. A kashi na ƙarshe, masu nasarar sun gano cewa ba za su iya ƙera 'yan uwansu ba, ga shi kuma rayuwarsu ba ta wuce kimanin shekara ashirin. Wasan ya ƙare da wasu biyu daga cikinsu, Primus da wata da aka sa wa sunan Helena, waɗanda suka kamu da son juna.

4.0 Warwarar Jigo

Da yawa daga cikin masu ambaton wannan wasa suna ɗaukarsa labarin tawayen inji. Idan muka lura da kyau, za mu ga tawayen bai zo ba sai can tsakiyar wasa, kuma mafi yawansa a bayan fage yake faruwa. Abin da marubucin ya ba lokaci shi ne muhawarar shugabannin kamfani, kuma muhawarar nan a kan darajar aiki take.

4.1 Araha a Matsayin Ma'auni

A shimfiɗar wasan Domin ya nemi Helena ta faɗa masa ma'aikacin da ya fi kowa kyau. Ita ta ɗauka mai gaskiya da ƙwazo ake nufi, shi kuwa ya nuna mata cewa a idon masana'anta wanda ya fi araha, wanda buƙatunsa suka fi ƙaranci, shi ne gwani. A kan wannan ma'auni ƙaramin Rossum ya zauna ya dubi jikin ɗan Adam, ya cire duk abin da ba ya ƙara yawan aiki, kamar nishaɗi da sha'awar kiɗa da fita shan iska. Abin da ya rage shi ne mutum-mutumi. Har jin zafi ma da Dokta Gall yake ƙoƙarin sa musu, ba don tausayi ba ne, don kada su riƙa cusa hannu a inji suna jawo wa kamfani asara ne.

A nan ne ƙarfin wasan yake. Capek bai sa Domin ya zama mugu ba. Mutum ne mai fara'a, mai hujja, wanda ya yarda da abin da yake faɗa. Muguntar tana cikin ma'aunin. Da zarar an yarda cewa farashi kaɗai ke auna aiki, to ɗan Adam ya riga ya faɗi gasar, domin shi yana cin abinci, yana rashin lafiya, yana da iyali. Masu aika wa Clarkesworld labaran na'ura wannan ma'aunin suka bi: labarin da ya ci wa marubuci wata guda da wanda na'ura ta zubo cikin minti ɗaya, in dai kuɗin shafi ɗaya ne, na minti ɗayan ya fi riba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

4.2 Alkawarin Hutu

Domin yana da mafarki. Yana ganin nan da shekara goma hatsi da tufafi za su yi yawan da ba za su ƙara yin farashi ba, talauci zai ƙare, ɗan Adam zai huta da wahala ya koma kyautata kansa. Ya amince cewa kafin a kai can mutane za su rasa aiki kuma za a sha wuya, amma yana ɗaukar wannan a matsayin kuɗin hanya. Duk wanda ya saurari shugabannin manyan kamfanonin fasaha na wannan zamani zai ji amon wannan magana, domin su ma wadata suke alkawartawa a gaba, su nemi haƙuri a yanzu.

Marubucin ya rusa mafarkin ta hanyar tsarin wasan kansa. Shekara goman da Domin ya ɗiba ita ce tazarar da ke tsakanin shimfiɗa da kashi na ɗaya, kuma da labule ya buɗe, yaƙi da rashin haihuwa muka tarar. Alquist ne ya fito da dalilin a fili, inda ya nuna cewa masu hannun jari ba su taɓa yin mafarkin 'yanta kowa ba, ribar ƙarshen shekara suke jira. Alkawarin na kowa da kowa ne, amma mallakar masana'antar ta mutane ƙalilan ce, kuma babu wani mataki a cikin shirin Domin da zai sa arzikin ya tsallaka daga hannu na biyu zuwa na farko.

4.3 Laifin da Ba Shi da Mai Shi

Tauraron da ya fi ba mu sha'awa ta wannan fuska shi ne Busman, daraktan kasuwanci. Lokacin da mutum-mutumi suka kewaye gidan, shugabannin suna ta neman wanda za a ɗora wa laifi, sai ya kawo hujjar cewa su ba su ne suke juya al'amarin ba, buƙatar kasuwa ce take jan su. Duniya ta nemi kaya, su kuma suka sayar. Wannan hujja ba ta tsufa ba. A yau ma kowane kamfani yana cewa in bai yi sauri ba abokin gasarsa zai riga shi, ta haka sai a wayi gari kowa yana gudu amma babu wanda ya ɗauki alhakin inda aka nufa. Ƙarshen Busman darasi ne: ya fita da damin kuɗi yana son ya sayi rayukansu, ya taɓa shingen da su da kansu suka sa wa lantarki, ya faɗi matacce a kan dukiyar.

5.0 Alquist da Radius

Alquist magini ne. Ya gaya wa Helena cewa idan fargaba ta kama shi, yakan sa tufafin aiki ya hau gini ya riƙa jera bulo, domin a nan yake samun natsuwa. Tun farko shi ne ya faɗa wa Domin cewa akwai alheri a cikin hidima da gajiya, wanda za a rasa in an kawar da su. Radius kuwa, wanda Helena ta sa a ɗakin karatu don ya ilmantu, ya fito da ra'ayin cewa 'yan Adam ba su cancanci mulki ba tunda ba sa aiki, magana kawai suke yi. Da ranar kisa ta zo, dalilin da ya sa aka bar Alquist shi ne yana aiki da hannunsa.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa marubucin yana yabon aiki ne don kansa. Muna ganin ba haka abin yake ba. Sanarwar da masu tawaye suka watsa ta umarci a kashe mutane, amma a kiyaye masana'antu da hanyoyin jirgin ƙasa da ma'adinai, sannan kowa ya koma bakin aiki. A kashi na ƙarshe sun ninka abin da ake samarwa, kaya sun taru, babu mai amfani da su. Wato Radius ya gaji ma'aunin Domin ne bai canza shi ba. Bambancin Alquist da su shi ne, shi yana gini ne don wani ya shiga ya zauna, kuma ginin yana gyara shi kansa maginin. Darajar aiki a wasan tana rataye da abubuwan nan da ƙaramin Rossum ya yanke ya yar, su ne buƙata da sha'awa da damuwa da wani. Wannan ne ya sa aka rufe wasan da Primus da Helena, waɗanda kowannensu ya yarda a fede shi don a bar ɗayan.

Ta fuskar salo, marubucin ya yi amfani da raha don ya shigar da magana mai ɗaci. Helena ta ɗauki sakatariyar Domin, Sulla, a matsayin mutum alhali ƙirar masana'anta ce, sannan ta ɗauki daraktocin kamfani a matsayin mutum-mutumi har tana yi musu huɗubar neman 'yanci. Abin dariya ne, amma yana nuna yadda ofis ya riga ya daidaita mutum da inji. Sunayen taurarin ma suna ɗauke da ma'ana: Rossum ya yi kusa da kalmar Cek mai nufin hankali, Domin kuma da kalmar Latin mai nufin ubangida.

6.0 Inda Wasan Ya Gaza

Duk da wannan yabo, wasan yana da rauni. Helena ba ta samu ginin kirki ba. An kawo ta da manufa, amma cikin ɗan lokaci aka mayar da ita abin sha'awar maza shida, kuma manyan ayyukanta biyu, wato lallashin Dokta Gall ya sauya halin mutum-mutumi da ƙona takardu, an nuna su kamar aikin ruɗu. Ƙarshen wasan ma ya zo da gaggawa, domin soyayyar Primus da Helena ta warware matsalar halitta ne, ta bar matsalar mallaka da rabon arziki yadda take.

Rauni na biyu ya fi wannan girma. Miliyoyin ma'aikatan da aka kora ba su taɓa hawa dandali ba. Labarinsu muke ji a bakin daraktoci da shafin jarida, kuma abin da muka ji shi ne sun huce haushinsu a kan mutum-mutumi, kamar zomon da ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Nana, mai yi wa Helena hidima, ita kaɗai ce muryar talaka, ita ma tsoron saɓo aka sa a bakinta. Wasan da jigonsa aiki ne ya bar mai aikin a waje.

Na uku shi ne abin da marubucin bai hango ba. Mutum-mutuminsa da sinadari ake kwaɓa shi, ba ya ɗauke da gumin kowa. Injin yau kuwa da aikin mutane ake gina shi. Manhajar da ke rubuta labari ta koyi jera kalma ne daga tarin littattafai da jaridu da shafukan intanet da mutane suka rubuta. Shi ya sa jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a watan Disamba na 2023, kuma a 2025 kamfanin Anthropic ya amince ya biya dala biliyan 1.5 don sasanta ƙarar da marubuta suka shigar a kan littattafansu da aka kwaso daga shafukan satar fasaha. Bayan marubuta akwai masu tace bayanai. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikata a Kenya, waɗanda kamfanin Sama ya ɗauka, sun yi ta karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT, a kan ladan da bai kai dala 2 a awa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Akwai wani tsohon misali da ya fi dacewa da wannan hali. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya nuna wa fadar Ostiriya wani mutum-mutumi mai shigar Baturke da ke buga dara irin ta Turawa yana cin mutane, alhali gwanin ɗan wasa ne a ɓoye cikin akwatin. A 2005 kamfanin Amazon ya ɗauki sunan wannan na'ura, Mechanical Turk, ya sa wa dandalinsa na raba ƙananan ayyuka ga mutane a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba muna cewa na'urorin yau yaudara ba ne, domin suna yin abubuwan ban mamaki da gaske. Abin da muke cewa shi ne akwatin yana cike da mutane, kuma tsohuwar ma'anar "robota" ta fi dacewa da su a kan injin.

Wannan bambanci yana da amfani, domin yana buɗe ƙofar da wasan ya rufe. Ma'aikatan Capek ba su da abin ciniki, tunda masana'anta ba ta buƙatarsu. Na yau kuwa ana buƙatar abin da suke samarwa. Marubutan fina-finan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, suka samu yarjejeniyar da ta hana a ɗauki na'ura a matsayin marubuci, ta kuma hana kamfani tilasta wa marubuci amfani da ita. Ba su farfasa inji ba, da mai injin suka zauna.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda R.U.R. ya tona ma'aunin araha, da alkawarin hutun da ba a faɗi yadda za a raba shi ba, da kuma hujjar kasuwa da ke wanke kowa daga laifi. Mun kuma ga cewa ya bar ma'aikaci a bayan fage, bai kuma san da injin da ake ginawa da rubutun mutane ba.

Mu da muke rubutu da Hausa ba 'yan kallo ba ne a wannan al'amari. Tun 2013 manhajar fassara ta Google ta sa Hausa cikin harsunanta, kuma duk Hausar da irin waɗannan na'urori suka iya, daga alƙalamin 'yan jarida da mafassara da marubuta ta fito. Ya dace mu yi murna idan harshenmu ya samu gurbi, ya kuma dace mu tambaya ko an nemi izinin masu rubutun, ko an ambace su, ko wani abu ya koma aljihunsu. Shawararmu ga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na jami'o'i ita ce su gwada ɗora wannan wasa a dandali da Hausa. Ga matasan marubutanmu kuwa, tauraron da Capek ya manta yana nan yana jiran mai rubuta shi: mafassarin da aka rage wa lada aka ce gyaran aikin na'ura kawai zai yi, ko yarinyar da ke kwana gaban kwamfuta tana koya wa inji harshen mahaifiyarta. Wanda ya san irin waɗannan mutane, shafukan fitowa ta gaba a buɗe suke gare shi.